Arzika, Mai Zuba Ruwa a Ƙasa

Da an sallame Asuba, kafin injin fasa dutse ya fara ruri, Malam Arzika ya riga ya tayar da tankarsa. A gefen duwatsun Hatta yake aiki, can ƙarshen ƙasar Dubai, inda wani kamfani ke haƙar tsakuwar da ake zuba wa benayen birni. Haƙar ta yi zurfi har ta taɓa ruwan ƙasa, kullum sai an zuƙe ramin kafin a ci gaba. To, da sharaɗi aka ba kamfanin izini: ruwan da aka zuƙe a mayar da shi ƙasa, don rijiyoyin manoman da ke gangaren kwarin daga jijiya ɗaya suke sha. Aikin Arzika ke nan. Ya cika tanka, ya gangara zuwa wani tafki da aka haƙa a cikin rairayi, ya buɗe famfo, ya tsaya har ƙasa ta shanye.

Mutumin Adar ne, daga Nijar, dogo, mai tsadar magana. Ranar Juma'a yakan shigo unguwar Al Qusais a cikin birni wajen 'yan uwa, nan ne 'yan kasuwar Kano ke sa shi gaba. Alhaji Ɗantani mai kago, wato ofishin tura kaya gida, ya fi kowa. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin aikin baban giwa irin wannan ba: mutum ya baro iyalinsa, ya ƙetare hamada da teku, don ya zo ya shayar da yashi! Wai kowa in ya yi farin ciki sai ya zuba ruwa a ƙasa ya sha, shi Arzika kullum zubawa yake, ba a taɓa ganin ya sha ba. Sai a yi dariya, shi ma ya murmusa ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Akwai wanda ba ya dariyar. Badaru ne, shi ma ɗan Nijar, mai kula da gonar dabinon wani tsohon Balarabe a ƙasan tafkin. Tun da aka fara haƙar, ruwan rijiyar gonar yake ja da baya, har inji ya koma zuƙar iska. Tsohon ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in dabinon ya mutu, kalas, shi ke nan, zai rufe gonar, Badaru ya nemi hanyar gida. Ga shi da 'ya'ya a makaranta a Tawa.

A bazarar 2006 gini ya haukace a birni, ko'ina ruwa ake nema. Shugaban ma'aikatan wurin ya kira Arzika gefe, ya ce daga yau tanka ta riƙa wucewa wajen masu kwaɓa siminti, tafki ya jira. Ai rairayi ba ya kai ƙara. Waɗanda ke wurin sun ce Arzika ya ɗago ya dube shi.

"Patron, rairayi ba ya magana, gaskiya ne," ya ce. "Amma rijiya tana yi. A garinmu na ji ranar da tamu ta yi shiru."

Ya ƙi juya tankar. A ranar aka karɓe makullin tankar aka ba wani, shi kuma aka mayar da shi lebura, tare da gargaɗin cewa bizarsa a hannun kamfani take. Wallahi abin ya yi mana ciwo, mu 'yan uwansa na nan. Mutum mai furfura, a ce da shebur zai ƙare!

Kai ne, Arzika, ka roƙi a bar ka a bakin tafkin, wurin da ba mai so don ko inuwa babu. Abin da ya rage yana gangarowa can ɗan ruwan wankin tsakuwa ne, mai kauri kamar kunu. Lakarsa takan kwanta ta toshe gindin tafkin, sai ruwan ya tsaya rana ta shanye. Kai ne ka shiga da manjagara kana kankare ɓawon lakar nan, yau nan gobe can, a zafin da ƙarfe ke ƙona tafin hannu. Badaru ya zo ya same ka da hawaye, ya ce kawu, ka bari, kada ka kashe kanka saboda ni. Ka ce masa ba don shi kaɗai ba ne, wanda ya ɗebo shi ke mayarwa. Namijin duniya, sha rana ka bar wa na baya inuwa.

Haka aka ci bazara. Itatuwan bakin gona suka bushe, na tsakiya suna numfashi da ƙyar. Da sanyi ya shigo aka yi ruwan sama a kan duwatsu, kwarin ya kawo, tafkin ya cika maƙil. Gindinsa a buɗe yake, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Ba a daɗe ba injin Badaru ya daina tari. Daga baya masu duba sharaɗi suka zo, aka dawo da tanka hanyarta, aka dawo wa Arzika da makullinsa ba tare da ko sannu ba. Babu mai rantsuwa cewa manjagararsa kaɗai ta ceci rijiyar, ruwa na Allah ne. Amma Badaru ya ce shi dai ya san hannun da ya buɗe ƙofar.

Bana, 2009, gwiwa ta ce ta gaji, Arzika zai koma Adar. A gonar aka yi masa sallama, ƙarƙashin dabinon da ya sake yin nono. Har Alhaji Ɗantani ya rufe ofis ya zo. Badaru ya tari ruwan rijiyar a kwano ya miƙa masa da hannu biyu. Arzika ya karɓa, ya durƙusa, ya tsiyaya kaɗan a gindin dabino, ya jira ƙasa ta shanye, sannan ya yi bisimilla ya kafa kai. Ɗantani ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya sa hannun riga yana goge ido.

Mun gode, Malam Arzika. Allah ya shayar da kai kamar yadda ka shayar, ya kai ka gida lafiya. Mu da muka rage a ƙasar mutane, kowa da ramin da yake ɗiba, sai mu tuna da mayarwa ko ba mai kallo. Alhaji, ka ce ba ka taɓa ganin ya sha ba. To, yau ka gani.