Mahmudu Ladan, Malamin da Ya Ƙidaya Masu Cin Tuwo Su Kaɗai

Haihuwa da asali

An haifi Malam Mahmudu Ladan a shekarar 1979, a garin Hawandawaki da ke cikin gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi. Sunan mahaifinsa Maiwada, amma tun da ya gaji kiran salla a masallacin unguwarsu sai laƙabin Ladan ya rufe sunan. Mahaifiyarsa kuwa Fatsuma ce, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shi ne na biyar cikin 'ya'ya tara, a gidan da ba a taɓa zuba wa mutum tuwo shi kaɗai ba sai idan ciwo ya kwantar da shi. A ƙofar gidan nan magidantan unguwa ke yin ciyayya, wato kowa ya fito da akushinsa bayan sallar magariba a haɗa a ci tare, wanda miyar gidansa ta yi daɗi ya sha yabo, wanda ta cika gishiri ya sha tsiya. Mahmudu ya tashi yana ganin haka kowace rana, har ya ɗauka duk duniya haka ake cin abinci.

Karatu

An sa shi lakwal, wato makarantar boko, a shekarar 1986, ya kammala firamare a 1992, sannan ya zarce kwalejin Tasawa, inda yajin aiki ya cinye masa shekara guda cur, bai samu takardar birebe ta kammala kwalejin ba sai a 1997. Daga nan ya wuce lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi. Ɗalibi ne mai natsuwa da yawan sauraro, irin wanda malami kan manta yana cikin aji, sai dai lissafi bai taɓa yi masa ɗa'a ba. Sau biyu ya zauna jarrabawar bak, wadda ake kammala lise da ita a shiga jami'a, a 2000 da 2001, sau biyu tana kayar da shi, har mahaifinsa ya ce ya isa haka nan, tun da wanda bai samu turmi ba ai yakan yi daka a dutse.

Aikin koyarwa

A watan Oktoba na 2001 aka ɗauke shi malamin kwantiragi bayan horon kwana arba'in da biyar, aka tura shi ƙauyen Gidan Dodo a karkarar Kanambakashe, cikin gundumar Mayahi. Makarantar rumfar zana biyu ce, kuma shi ne darakta, shi ne malami, shi ne mai buga ƙarfen tashi. Mutanen garin sun karrama shi iyakar saninsu: suka ba shi ɗaki a bakin gari don kada hayaniya ta dame shi, suka riƙa kiransa Mushe, wato malam da Faransanci, kuma safe da yamma ana kawo kwanon abinci daga gidan maigari a ajiye masa a bakin ƙofa, da nama a ranar da su kansu ba su ga nama ba. Babu wanda ya taɓa cewa ya zo a ci tare, domin a ganinsu rashin ladabi ne a sa ma'aikacin gwamnati ya tsuguna a tabarma ya haɗa hannu da manomi. Shi ma kunya ta hana shi kai kansa inda ba a kira shi ba. Haka ya yi shekara uku yana jin dariyar masu ciyayya daga nesa yana haɗiyar tuwonsa, kuma kaɗaicin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Abokinsa guda a wancan zamani shi ne Sufyan Sidi, ɗan gidan Buzaye makiyaya, wanda ke riƙe da makarantar Rijiyar Nana, tafiyar awa uku a ƙasa cikin yashi. Sukan ziyarci juna mako-mako, su dafa shayi, su ci kwano guda. A hutun ƙarshen watan Maris na 2004, lokacin da cutar sanƙarau ke yawo, Mahmudu ya yi wa Sufyan alkawarin zuwa ranar Lahadi, amma zafin rana da gyaran takardun ɗalibai suka sa ya ɗaga tafiyar zuwa Laraba. Da ya isa, ya tarar da kwano a bakin ƙofa tururuwa ta rufe shi, ƙofar kuma a saye. Sufyan ya kwana uku da rasuwa a kan tabarmarsa. Kullum ana kawo abinci, ana kwashe na jiya ba a taɓa ba, ba wanda ya leƙa. Da Mahmudu ya tambayi dalili, maigarin ya amsa masa hawaye na zuba: "Mun zaci Mushe ya tahi Mayahi. Wa za ya kutsa ɗakin mai boko ba a kira shi ba?"

Ba a iya yi wa gawar cikakken wanka ba, ruwa kawai aka kwarara mata. Mahmudu bai zargi mutanen garin ba, kansa ya zarga, kuma bai sake sakewa da ranar Lahadi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Aure da zuri'a

A shekarar 2006 ya auri Samira, 'yar wani tela daga Mayahi, ya kama mata hayar gida a Tasawa saboda asibiti da makarantar yara, shi kuwa ya ci gaba da zagaya ƙauyuka duk inda aka jefa shi. Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu, kuma ɗan fari sunan Sufyan aka raɗa masa. Ba ya ganin iyalinsa sai lokacin hutu, idan ya zo kuwa sai a share masa ɗaki a kai masa abinci a rufe, yara su gaishe shi a tsugune su fice, kamar yadda ake yi wa baƙon da ake jin nauyinsa.

Komawa karatu

Bai haƙura da bak ba. Ya sake zama a 2011 yana da shekara talatin da biyu, ya kuwa ci. A 2013 ya samu izinin ƙaro karatu, ya shiga jami'a a Yamai, sashen nazarin halayyar ɗan Adam, ya kammala digirin farko a 2016. A 2018 ya koma domin digiri na biyu, ya zaɓi fannin halayyar mutum a wurin aiki.

Su goma sha ɗaya ne a ajin, ya girmi kowa da shekara goma ko fiye, saboda haka suka sa masa Dattijo. Akwai Lalla, 'yar babban ma'aikaci, mai binciken gajiyar ma'aikatan banki. Akwai Ɗan Malam, wanda ya taso a garin ma'adinai, mai nazarin yadda kamfani zai zaɓi wanda ya dace da aiki. Sauran ma duk ofisoshi masu sanyin na'ura suka nufa. Ranar da kowa ya bayyana muradinsa, Mahmudu ya ce shi yana son sanin abin da ke sa malamin ƙauye da ma'aikacin ɗakin shan magani su gudu daga wurin aikinsu, kuma yana zaton ba ƙarancin albashi ne kaɗai ba. Ajin ya yi dariya mai ladabi, Ɗan Malam ya ce Dattijo zai rubuta kundi a kan rumfar zana. A ɗakin da ya kama a Yamai ma shi kaɗai yake cin garau-garaunsa, domin samari ba sa sakin jiki da sa'an yayyensu.

Bincike

A 2019 ya buga takardun tambayoyi ɗari da goma sha biyu, irin waɗanda aka koya musu, masu cewa mutum ya auna jin daɗin aikinsa daga ɗaya zuwa biyar, ya raba su a gundumomin Tasawa da Mayahi. Da takardun suka dawo, kusan kowa ya zaɓi huɗu ko biyar, wasu har da ƙarin "sai godiya" a gefe. Ya manta abin da kowane ɗan ƙasar ya sani, cewa ko a gadon asibiti aka tambayi mutum jikinsa zai ce da sauƙi, balle a takardar da ba a san hannun da za ta faɗa ba. Malamar da ke duba aikinsa ta ce masa ko dai yankinsu aljanna ne, ko kuwa bai yi tambayar da ta dace ba. Wata takwas na aiki suka tafi a banza.

Sai ya ajiye ma'aunin jami'a, ya rage tambayoyinsa zuwa uku: da wa ka ci abinci jiya, yaushe rabon wani ya shiga ɗakinka, kuma wa zai fara sani idan ka wuni ba ka fito ba. Ya daina aika takarda. Da kansa yake zuwa, a babur ɗin haya ko a amalanke, ya sauka wurin ma'aikacin su ci kwano guda, sai an wanke hannu ya yi tambaya. Tsakanin 2019 da 2021 ya zauna da mutum sittin da uku. Arba'in da ɗaya daga cikinsu su kaɗai suke ci, kuma ashirin da shida ba su samu sunan da za su ambata ba a tambaya ta uku. Daga cikin waɗannan ashirin da shida, goma sha tara sun bar wurin aikinsu kafin shekara ta zagayo.

A hutun damina na 2021, yana tsara waɗannan alƙaluma a gidansa na Tasawa, Samira ta kawo masa abinci ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce: "Malam, ka bi mutum sittin kana tambayar da wa suke ci. Ni da ka aje a garin ga shekara sha biyar, ba dangi ba kowa, ka taɓa tambayata?" An ce bai taɓa abincin ba a ranar.

Shekararsa ta ƙarshe

Izinin karatunsa ya ƙare kundin bai kammala ba, aka mayar da shi aji a watan Oktoba na 2021, a ƙauyen Tudun Sidi cikin karkarar Baudeta. Ranar da aka fara kawo masa kwano, sai ya yi abin da ya kasa yi shekara ashirin: ya ɗauki kwanon ya nufi ƙofar gidan Maigari Ɗan Azumi, ya yi sallama ya zauna cikin masu ciyayya. Maigari ya ce, "Mushe, ko wani laihi munka yi ma? Mu dai mun ɗauka girma ne muke ba ka." Mahmudu ya ba su labarin Sufyan daga farko har ƙarshe, wanda bai taɓa ba kowa ba in ban da matarsa. Daga ranar ya samu gurbinsa a tabarma, tsakanin liman da mahaucin garin, har aka fara yi masa tsiyar cewa bokonsa bai hana shi babbar loma ba. Maigari ya ba shi fili, ya soma ginin ɗaki biyu domin ya ɗauko Samira da yara kafin damina. Kundin ya kai shafi ɗari da arba'in, aka sa masa watan Yuli na 2022 domin ya kare shi a gaban malamai.

Rasuwa

Ranar Litinin, 9 ga watan Mayu na 2022, bayan sallar la'asar, hawan jini ya kayar da shi a cikin ɗakinsa. Da aka idar da magariba aka jera akusa, sai Maigari ya ga gurbinsa babu kowa, ya ce kada wanda ya sa hannu sai an ga Mushe. Mutum huɗu suka tafi, suka yi sallama sau uku, suka tura ƙofa suka shiga. Sun same shi da sauran numfashi. Liman ya tallafe kansa yana laƙƙana masa kalimar shahada, kuma ya cika a hannunsu kafin a gama ɗaura wa amalanke bijimi a kai shi asibiti, yana da shekara arba'in da uku. Tsakanin faɗuwarsa da shigarsu bai kai awa uku ba.

An yi masa wanka cikakke, aka yi jana'izarsa da hantsin Talata, aka binne shi a maƙabartar Tudun Sidi bisa roƙon mutanen garin da yardar danginsa na Hawandawaki. Samira ta iso da safiyar nan, aka nuna mata ɗakuna biyun da gininsu ya kai saman ƙofa ba a rufa ba. Kundin bai je gaban malamai ba, kuma ba a ba shi digirin ba.

Ya rasu ya bar matar aure ɗaya da 'ya'ya huɗu: Sufyan, Nasiru, Safi da Ummi. A cikin takardun da yake rubuta amsoshin mutanen nan sittin da uku an samu ta sittin da huɗu, mai ɗauke da sunansa shi kansa da kwanan watan 2019. A gaban tambaya ta uku, wa zai fara sani idan ka wuni ba ka fito ba, ya rubuta "babu" da baƙin biro, daga baya ya soke ta da shuɗi, ya rubuta a ƙasa: "Maigari Ɗan Azumi da mutanen ciyayya, kafin tuwo ya huce." Allah ya jiƙansa, ya sa ya tarar da abokinsa.