Kitson Rowa a Gidan Turara Shinkafa

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar kasuwar Bunkure da Hansai makitsiya ta zo rumfata sayen man gashi, na hana ta. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Kura ba, ni kuma na bar tallan gida-gida ke nan, na kama rumfa a kasuwa da ɗan shago a cikin gari. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya ya kamata ku ji labarin, don ina ganinku kuna miƙa wa mutum kwalba tun bai rufe baki ba.

Ga wanda bai san harkarmu ba, dila irina tana ɗauko man gashi da zaren kitso da mataji da sabulu daga Kano a katan, ta raba wa makitsa a dozin. Mai sayen kwalba ɗaya takan zo yau, ka neme ta ka rasa har wata ya zagayo. Makitsiya kuwa kullum tana buƙata. In hannunta ya tsaya, kayanka sun kwanta.

Hansai ce babbar makitsiyar da nake ba kaya. Mijinta ya rasu, da kitson take ciyar da 'ya'yanta. Yawancin masu zama gabanta matan da ke aiki ne a gidan Hajiya Uwani, inda ake turara shinkafa. Aikin nasu shi ne a jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a zuba ta a rabin duro a kan wuta ta sha tururi, a shanya, sannan a kai inji. Da kaka ba su da hutu. Mace ta wuni a bakin duro, ɗankwali ɗaure tam, gumi yana bin wuyanta. Shi ya sa suke son kitso ƙanana wanda zai daɗe ba a tsefe ba.

Akwai kuma al'ada guda da kowace mace a nan ta sani. Idan makitsiya ta gama, sai ta lakaci mai da yatsa ta bi kowace tsaga har fatar kai ta yi ƙyalli. Da wannan ƙyallin ake auna ta. Wadda ta sa kaɗan, kafin wadda aka yi wa kitson ta kai gida an ce marowaciya ce.

A kakar waccan shekarar amosani ya kama matan gidan Hajiya Uwani. Da farko sun ɗora wa ɓuntun shinkafa laifi. Da abin ya ƙi ci, sai magana ta juya, aka ce ai duk wurin Hansai suke zuwa kitso, matajinta ne ke raba musu. Hajiya Uwani ta daina zuwa, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da nake faɗa muku, Hansai ta tsaya bakin rumfa ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Asabe, ba ni mai ƙarfin nan, mai sanyi a ka. Rabin dozin."

Na ce, "Yaya Hansai, wanda kika ɗauka kwanan baya fa?"

"Ya ƙare. Ninki biyu nake sa musu yanzu. Kan ne ya bushe, in ba mai ba me zai kwantar da shi? Su ma in sun koma gida suna ƙarawa da man shanu."

Na tambaye ta yadda amosanin yake. Ta ce yana maƙalewa a farce, launinsa kamar dusar da ta ji ruwa. Nan na mayar da kwalbar da na riga na ɗauko. Ni kaina na yi fama da amosani shekarun baya, kuma wata malamar asibiti da ke sayen kaya wurina ta nuna mini cewa iri biyu ne. Akwai na bushewa, fari, mai laushi kamar gari, wanda kan zo da sanyi. Akwai kuma mai maiƙo, mai ɗan rawaya, wanda gumi da mai ke ƙara wa ƙarfi. Shi wannan na biyun, ko kwalba guda ka juye masa zai kwanta yau, jibi ya taso fiye da da.

Na ce, "Ba zan sayar miki ba sai na ga kawunan."

Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Mai sayar da mai ce ke hana mai? Ko kin ji labarin na kusa tashi ne, kike janye jiki?"

Na ce, "In kin tashi ai tare muka tashi. Ki jira ni gobe."

Kashegari da hantsi muka shiga gidan Hajiya Uwani. Tururi ya cika tsakar gida, mata suna ta juya shanya da ƙafa. Da suka ga Hansai sai hira ta mutu. Hajiya tana zaune a kan buhu, ta cusa tsinke ta ƙarƙashin ɗankwali tana susa. Muka gaisa. Na lura kitson da ke leƙowa ta goshinta ba hannun Hansai ba ne, don tata tsagar miƙe take kamar layin albasa a lambu.

Na ce, "Hajiya, wa ya yi miki wannan?"

Ta ce, "A Dawakin Kudu aka yi mini, gidan 'yata. Da sabon mataji fil, ni na saya."

"To ya ƙaiƙayin?"

Ta zare tsinken ta ajiye a gefe kamar ba nata ba. Wata daga bakin duro ta ce, "Jiya ma har da muciya ta so ta sosa!" Aka fashe da dariya, Hajiya ta ce, "Ke Ladi, juya shinkafarki kar ta ƙone."

Na nemi izini ta kwance ɗankwalin. Na kankara da farce a hankali, na nuna mata. Mai maiƙo ne, fatar har ta yi ja.

Na ce, "Hajiya, kin canza makitsiya, kin canza mataji, kin canza gari. Abu ɗaya ne ba ki canza ba. Can ma sun cika miki tsaga da mai, ko?"

Ta ce, "Sosai kuwa. Yarinyar ba ta da rowa."

Na faɗa mata abin da nake so a gwada, a kanta ita kaɗai. A tsefe, a wanke da sabulun ruwa na maganin amosani da ake samu a kemis, a bar kumfar ta ɗan jima kafin a ɗauraye. A bar gashi ya bushe sarai kafin a ɗaura komai. A yi kitso manya wanda za a iya tsefewa duk mako a sake wankewa. Mai kuma a shafa wa jelar gashi kawai don kar ta karye, amma ban da fatar kai. Kuma Hansai ce za ta yi.

Hajiya ta ce, "In bai yi ba fa?"

Na ce, "In bai yi ba, ki faɗa wa kowa Asabe ba ta san kayanta ba. Kin san bakinki ya isa a garin nan."

Wahalar ba a wurin Hajiya take ba, a wurin Hansai take. Ranar kitson ina zaune kusa. Tana gama layin ƙarshe, hannunta ya tafi neman gwangwanin mai da kansa. Na janye shi da ƙafa.

Ta ce ƙasa-ƙasa, "Asabe, so kike ki kashe ni da raina. An ce matajina ke raba cuta, yanzu kuma a ce ina rowa? Tun ina yarinya ban taɓa sakin kai ba ƙyalli ba."

Na ce, "Saki wannan."

Ta saki, idonta ya ciko. Kuma abin da ta ji tsoro ya faru. Hajiya na komawa bakin aiki Ladi ta leƙa kan, ta tafa hannu ta ce, "Yau kuma kitson rowa aka yi mana!" Kafin la'asar sunan ya kai bakin kwata, inda mata ke wanki.

Makon farko ba a ga wani abin kirki ba, Hansai ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Ni dai na tsaya a kan a sake tsefewa, a sake wankewa. Bayan 'yan makonni ina shago sai ga Ladi da wasu mata biyu. Ta ce Hajiya ta daina yawo da tsinke, kuma ta kwance ɗankwali a gabansu sun ga fatar tas. Ta ce, "Ina sabulun nan? Kuma ki roƙa mana Yaya Hansai, kunyar zuwa muke ji." Na ce sabulu yana kemis, roƙo kuwa su je su yi da bakin da suka yi maganar farko. Suka je.

Ba duka suka warke ba, kar in yi muku ƙarya. Akwai wata da gashinta ke zubewa a wuri guda, fatar tana ruwa. Ita na ce ba aikin sabulu ba ne, ba aikin mai ba ne, ta tafi asibiti. Can aka ba ta magani na sha.

Cinikin maina ya ragu a wannan kakar, ban musa ba. Amma Hansai ta ci gaba da ɗaukar zare da mataji da ɗan man jela a wurina har ƙarfinta ya ƙare, kuma makitsan da ta koya wa aiki duk rumfata suka sani.

Abin da na koya shi ne, mai zuwa wurinku yakan zo da sunan abin da zai saya, ba da sunan abin da ke damunsa ba. Idan mace ta ce a ba ta mai don amosani, ku tambaye ta fari ne ko mai maiƙo, yaushe ta tsefe, wane aiki take yi. Mutanenmu ba sa ƙin gaskiya, so suke su gan ta a kan wani da suka yarda da shi.

Kwanan baya na wuce ta gidan 'yar Hansai, wadda ta gaji sana'ar. Wata mai turara shinkafa ta zauna a gabanta, ta kwance ɗankwali, ta ture gwangwanin mai gefe da kanta. Ta ce, "Na rowa za ki yi mini, irin na babarki."