A Fara Leƙa Bahon Wanke-wanke

A bencin tashar mota wani dattijo ne zaune, mai faɗin kafaɗa, riga ta yi masa yawa kamar ta aro. Kusa da shi wani matashi na ta share zufa. Surukinsa zai sauka anjima, matarsa ta haihu tana asibiti, shi kuwa bai san inda zai kai babban baƙo ya ci abinci ba tare da ya sha kunya ba.

"Ɗana, rabu da allon ƙofa," in ji dattijon. "Zagaya baya ka leƙa bahon wanke-wanke. In faranti na dawowa da saura, yi gaba. In suna dawowa tas kamar an lashe, ja kujera."

Yana nuni da haɓa, yana haɗiyar yawu. Ya ce akwai mai kifin bayan gidan mai, amma sai kafin azahar. Akwai matar ƙasan bene, wadda ba ta murmushi, miyarta ke yi mata. "Can za ka kai shi. Ka ce a ɗebo daga ƙasan tukunya."

Ina jin tsohon direba ne, irin wanda ke tuna gari da abin da ya ci a cikinsa.

"Baba, to mu je tare mana," in ji matashin.

Dattijon ya buɗe 'yar kularsa: dafaffen ganye, ba gishiri, ba mai.

"Likita da innarka sun haɗa mini kai. Ka dai biyo ta nan ka ba ni labari. Daga ƙamshi za ka fara, kada ka tsallake komai."