Agogon Yayana da Wutar Gurup

Ko tabarmin masallaci ba a gama naɗewa ba bayan sallar asuba muka bar Dogon Dutsi, ni da ɗiyata, da agogo a cikin buhun siminti. Ni mai gyaran rediyo da agogo ne, kuma ba na son tafiya. Bayana ya ƙi, gwiwa ma ta bi sahu. Amma yayana ne ya jawo, ba yadda zan yi.

Shi ne ladan a wani ƙauye gaba da Matankari tun ina da gashi baƙi. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya duba inuwa, ba ya ganin rubutun waya. Abin da kawai yake gani shi ne jajayen lambobin wannan agogo, manya kamar tafin hannu. To bana sai ya dinga kiran azahar wata rana da wuri, wata rana har mutane sun gaji da zama. Aka aiko mini da agogon, ya kwana bakwai a shagona bai kuskure ba. Da labari ya koma ƙauye, sai aka ce ashe agogo lafiya lau, tsoho ne ya ruɗe. Ga azumi ya matso. Dattawa suka fara maganar a ba wani lasifika.

Ɗiyata tana karatun lantarki a Yamai, ta zo hutu. Ta buɗe bayan agogon, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Baba, wace wuta yake sha a can?" Na ce wuta ai wuta ce. Ta yi dariya irin ta uwarta, ta ce mu je.

Motar da muka samu ta girmi ɗiyata. An ce mutum biyu a gaba, muka zama huɗu har da akuya a ƙafafuna. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ce tsadar esans ce, wato fetur, kamar kullum. Da muka bar gudron, titin kwalta, sai rairayi da kwazazzabai, gonaki sun yi fayau sai kututturan hatsi, shanun Fulani suna bin gindin gawo. Jandarma ya leƙa buhun, ya ga wayoyi, ya dube ni sama da ƙasa. Na ce masa ranka ya daɗe, lokaci ne muka ɗauko. Bai yi dariya ba, amma ya bar mu.

A Matankari muka sha hura, nono mai kauri wanda ba a yi wa baftisma da ruwa ba irin na gari. Ɗiyata ta sayi kopto, kwaɗon zogale, a leda, ta ci tana tsaye, ta ce a Yamai ganye kawai suke sayarwa, ƙuli-ƙulin sai dai a ji labarinsa. Daga nan baburan kabu-kabu muka hau. Wanda ya ɗauke ni yana gudu kamar an biyo shi, na yi ta salati har muka isa.

Na tarar da yayana zaune a zaure, ya rame. Bai yi ƙorafi ba. Cewa kawai ya yi, "Auta, in na tsuhwa ku hwaɗa mini da bakinku, kar in ji a bakin yara." Wata tsohuwa da ta zo gaisuwa ta rantse aljana doguwa ce ta shiga agogon, don masallacin yana kusa da tsamiya.

Ɗiyata ta bi wayar wuta daga masallaci, mu muna binta a baya, har rumfar mai cajin waya. Can ga gurup, injin wutarsa, yana tari. Shi ke ba masallaci wuta sadaka, shi ke ba mai walda, da firjin mai ƙanƙara. Ta ce mu saurara. Mai walda ya ɗora ƙarfe, sai muryar injin ta faɗi. Ya ɗaga, ta hau.

Ga abin da ta gaya mana, yadda kaina ya ɗauka. Irin wannan agogo ba shi da zuciyar kansa. Wutar gari tana bugawa sau hamsin a daƙiƙa, wani ɗan baƙin abu a cikin agogon yana ƙirgawa, in ya kai hamsin ya ce daƙiƙa ɗaya ta wuce. A shagona wutar tana tafiya daidai. A nan kuwa in an yi wa gurup nauyi lokaci ya ja ƙafa, in aka ƙara masa wuta lokaci ya ruga. Wato ranar da mai walda ya samu aiki, azahar ta makara.

Mai walda ya ce, "To ni mi na yi? Ƙyauren liman ma nika gyara!"

Ta fito da wani ɗan allo da ta haɗa tun a gida. A jikinsa akwai ɗan ƙarfe kamar ƙwayar wake, ta ce dutse ne a ciki, yana rawa sau miliyan uku da wani abu a daƙiƙa, kuma ba ruwansa da mai walda. Yayana ya ce wa zai ƙirga wannan? Ta ce, "Baba babba, ka san mata in sun jeru suna daka? Ka ce ta biyu ba ta sauke taɓarya sai ta farko ta buga biyu. Ta uku ma sai ta biyu ta buga biyu. Haka har mace goma sha bakwai. Ta ƙarshe hamsin za ta buga cif." Ya ce, "Ta ƙarshen nan raggo ce, amma ita aka dogara da ita."

Ni na riƙe ƙarfen dalma na liƙa wayoyi, ita tana nuna mini wuri. Hannuna har yanzu ba ya rawa, idon ne dai sai da nata. Muka mayar da agogon kan batirin lasifika, aka saita shi da wayar liman. Liman ya ce ba zai yarda ba sai an gwada. Mai walda ya yi ta ƙona ƙarfe har rana ta karkata, mai gurup yana murɗa injin sama da ƙasa, dattawa sun zauna sun sa wa lambobi ido kamar masu jiran wata. La'asar ta yi, waya da agogo bakinsu ɗaya.

Yayana ya miƙe ba tare da an kama shi ba, ya kira salla. Muryar ta ɗan karye a farko, sannan ta miƙe. Bayan an sallame ya kama hannuna, ya ce, "Ashe ba ni na tsuhwa ba." Na ce, "Ka tsufa mana, Yaya. Lokacin ne dai ba kai ka ɓata ba." Liman ya ce maganar lasifika ta mutu.

Washegari muka dawo da zabi biyu da tiyar wake da aka tilasta mana. Bayana ya kwana uku yana zagina. Abin da na koyo, in ka ga tsoho ya kuskure rawa, ka fara duba makaɗi kafin ka fitar da shi fili. Tun ranar kuma kullum sai yayana ya sa an buga mini waya ya gaya mini ƙarfe nawa, ni da nake zaune cikin agoguna. Ina ɗauka, in ce masa daidai ne.