Kakin Baba Mamman Mahauci

Har yau ban manta da wata ranar kasuwar Zakka ba, lokacin ina ƙaramin ma'aikacin lafiya mai kula da masu tarin tibi a yankin Safana. Aikina in nemo waɗanda tari ya daɗe musu, in karɓi kakinsu a 'yar roba mai murfi, in aika Katsina a auna. Ku sababbin shiga, ku lura: yawu ba ya aiki. Kaki muke so, mai kaurin nan da ke fitowa daga ƙirji, don shi ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta ya riƙe su. In cutar na nan, a cikinsa za a gan ta.

Da hantsi wata mata, Hinde, ta same ni. Ta ce mahaifinta, Baba Mamman mahauci, tun damina yake tari, duk ya rame. Kuma tun da suka gudo daga ƙauyen mijinta saboda 'yan bindiga, 'ya'yanta a ɗakinsa suke kwana.

Na tarar da shi a rumfarsa yana saran ƙashi. Muka gaisa, na yi bayani, na miƙa robar. Ya ture ta da bayan hannu.

"Yaro, in ba ka abin da ya fito daga cikina, ka kai inda ban sani ba? Da irinsa ake yi wa mutum sammu."

Hankalina ya tashi. Mai babur ɗin da ke kai mana kaki ba ya wuce la'asar, don in rana ta yi sanyi ba mai bin hanyar nan. Na je na roƙe shi ya jira, na dawo rumfa. In zauna, in tashi, in leƙa bakin hanya. Na kira shugabana a waya, ya ce, "Ba a tilasta wa majiyyaci. In ya ƙi, ka taho." Na kasa tahowa. Yaran nan nake ta tunani.

Bayan azahar aka kawo masa kayan cikin wata saniya. Ya tsaga huhun, ya yamutsa fuska, ya jefar gefe.

"Baba, lafiya?"

"Ba ka ga majinar da ta cika shi ba, ga ƙuraje? Saniyar nan ta daɗe tana ciwo. Ba zan sayar wa mutane wannan ba."

Na ce, "Ita sai da aka yanka ta aka gani. Kai kuwa, Baba, Allah ya sa ba sai an buɗe ka ba."

Ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari har ya dafe teburi. Da ya lafa, ya daɗe yana kallon huhun nan. Sannan ya ɗauki robar.

"In sun gama, su ƙone shi."

"Na yi maka alkawari, Baba."

Ya zagaya bayan rumfa, ya dawo ya miƙo mini robar da kaki a ciki. Da gudu na cim ma mai babur, har ya tayar.

Awo ya nuna tibi ce. Aka auna jikokin, aka samu ƙaramar ta kamu. Tare suka sha magani watanni, kuma duka biyun suka warke.

Tun daga ranar, in mutum ya ture robata ba na cewa taurin kai ne. Tsoro ne, kuma bayani daga tsaye ba ya cire shi. Sai ka zauna a rumfarsa, ka ga abin da ya sani, ka yi masa magana daga nan.