Albasar Baba

Har yau in na ji wani a rediyo yana cewa an ƙaƙaba wa wata ƙasa ko wani birni takunkumi don a hora masu laifi, sai raina ya ɓaci, in miƙa hannu in kashe. A hora wa? Mu nan Zamfara an taɓa gwada mana irin wannan horon, kuma da idona na ga wanda ya sha shi. Ba ɗan bindiga ba ne. Yayana ne, manomin albasa a Dakko, ƙasar Bakura.

Ni ɗan kasuwa ne a Talata Mafara. Ina da rumfa inda nake sayar da taki da maganin feshi da irin shuka na gwangwani. Wanda bai san Mafara ba, to ita ce cibiyar wannan yanki namu. Ranar Talata mutanen Bakura da Maradun da ƙauyukansu nan suke kawo abin da suka noma, nan manyan motoci ke lodi, nan masu na'urar cire kuɗi ke zaune a ƙarƙashin lema. In Mafara ta ci, kowa ya ci.

To shekarar da ta'asar 'yan bindiga ta kai wa kowa iya wuya, sai hukuma ta ce ta samo dabara: a toshe musu hanyar abinci da ta mai da ta magana, yunwa ta fito da su daga daji. Aka rufe kasuwannin mako. Aka kashe layin waya. Aka hana sayar da fetur a jarka. Da farko mutane har murna suka yi. Ba a jima ba muka gane cewa mu aka kulle, su kuwa suna waje. Wayata ta koma tocila. Kuɗina na banki ina ji ina gani ba ni da iko da su. Awaki suka riƙa kwanciya a rumfunan da da ba a samun wurin aje ƙafa.

Amma ba kaina zan ba da labari ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda mahaifiyarmu ke kira Malam, yana da wata albasa tasa ta kansa. Ja ce, ba ta cika girma ba, wuyanta siriri, ga yaji kamar ta yi faɗa da mutum, kuma tana jure ajiya fiye da kowace albasa da na sani. Shekara da shekaru ya yi yana zaɓenta. Duk shekara sai ya ware mafi kyau daga cikin wadda ya ajiye, ya sake dasa su, su yi fure su ba da iri. Da ya rasu, Yaya ya ci gaba. Shi kuwa irin albasa ba ya jira. In ya wuce shekara ba a shuka ba, ya mutu. Don haka albasar Baba ba abin da za a ɓoye a akwati ba ce. Sai an noma ta kowace shekara take rayuwa.

Yaya bai taɓa sayen irin albasa a rumfata ba. In ya zo sai ya ɗauki gwangwani ya girgiza a kunnensa, ya ce, "Wanga dai na malalata ne." Ni kuma in ce masa malalatan nan su ke ciyar da ni.

Al'adarsa ce ya ajiye albasa a rudu, wato rumbun kara mai shan iska, har damina ta ja baya kuɗinta ya tashi, sannan ya kawo Mafara. A daidai wannan lokaci aka rufe kasuwa. Ba mota, ba dillali, ba mai saye. Albasa ta zauna a cikin danshi, ruɓa ta shiga, ta bi ta ciki har ta ci manyan da ya ware don iri. Wari ya hana a bi ta bayan gidansa. Abin da ya rage na albasar Baba a duniya shi ne ɗan irin da ke cikin wani gora a ɗakinsa. Ya shuka shi duka. Ya tsiro da kyau, ya raine shi, ya dasa a fadama. Saura ruwa.

Ruwan kuwa sai da inji. Rijiyar da Baba ke jan ruwa da jigo ta daɗe da rushewa, tun da aka zo da rijiyar bututu, wadda ko kofin shayi ba ya shiga bakinta. Inji kuma ba ya shan addu'a, fetur yake sha. Gidajen man Bakura sun bushe. Ba waya balle ya kira ni, sai ganinsa na yi a ƙofar gidana da sassafe. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwar da ya san a rufe take, sannan ya ce, "Albasa na son ruwa."

Muka tafi gidan mai. Mai ba da man ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Jarka ko gora, an hana. Sai dai cikin tanki."

Na ce, "To in muka ɗauko injin ban ruwan kansa fa?"

Ya ce, "Ai shi ma tanki gare shi. Ku kawo."

A lokacin kowa ya san dabarar da ake yi. Ka cika babur ɗinka, ka je gida ka sa tiyo ka zuƙe, ka zuba inda kake so. Na faɗa wa Yaya. Ya dube ni kamar na ce mu je sata. "Wannan zamba ce," in ji shi. "Hukuma ta ce cikin tanki, cikin tanki za a zuba. Ni ba ni zagaye." Wallahi na so in fashe. Mutum gonarsa na ƙuna yana yi mini wa'azi.

Haka muka fara wahalar da ban taɓa ganin irinta ba. In tashi daga Mafara in je Dakko, mu kwance inji daga bututu, mu ɗaure a bayan babur ɗina, Yaya ya matse a tsakani, mu dawo Mafara, mu bi layi a rana, a zuba mana abin da ɗan tankin zai ɗauka, mu koma, mu ɗaura, ya yi ban ruwa. Kafin ƙasa ta gama sha, man ya ƙare. Bayan kwana kaɗan a sake. Kai ka ce mara lafiya muke kai wa asibiti. Amma albasa ta kama ƙasa, ta fara miƙewa, sai na haɗiye fushina.

Abu ɗaya ne muke ta jayayya a kansa. Yaya ba ya ɗaukar kaya a buɗe. Haka Baba ya tarbiyyantar da mu: abin da ka ɗauko daga kasuwa ka rufe shi, saboda baki, kuma kada ka sa wa maras shi rai. Ni zaman gari ya sa na watsar, shi kuwa yana nan a kai. Sai ya sa injin a buhu, ya lulluɓe da tsohon bargo, ya ɗaure da igiya tamau. Na ce, "Yaya, don Allah a wannan zamanin ka bar shi a buɗe, kowa ya ga inji ne."

Ya ce, "In shiga gari da tanki cike, ga mutane shukarsu na bushewa suna kallona? Haba. Ina kunyata?"

A kan hanyar akwai shingen 'yan kwamitin da aka naɗa don su tabbatar ana bin doka. Yawancinsu 'yan koren manya ne, an ba su riga da sanda. Waɗanda muka saba gani sun san mu, sai su ɗaga mana hannu. Ran nan muka tarar an canza su. Wani mai jajayen idanu ya tare mu ya ce, "Mi kuka ɓoye?"

Yaya ya yi masa sallama, ya tambaye shi aiki, ya ce inji ne. Aka kwance igiya, aka yaye bargo, aka zare buhu. Mutumin ya buɗe murfin tanki ya shinshina, ya ɗago yana murmushi kamar ya tsinci kuɗi. "Fetur! To in ba da mugun nufi ba, don mi kuka rufe shi haka?"

Yaya ya fara bayani a kan baki da kunya. Suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce sabuwar dabara ke nan, an mai da inji jarka ana kai wa mutanen daji. Muna cikin haka sai ga wata mota mai buɗaɗɗen baya, an rufe ta da tamfol, kana jin ganguna na karo da juna a ciki, warin mai ya cika wurin. Suka janye shinge da gudu har da sarawa. Nan fa na kasa riƙe bakina. Na ce, "Waccan fa? Zamzam ta ɗauko?" Na faɗa musu abin da ke raina, ban rage ba, kuma ko yau aka maimaita sai na faɗa. Yaya na ta jan rigata.

Suka ce inji ya zauna sai shugabansu ya zo ya yanke hukunci. Ina shugaban? Yana Gusau. A kira shi mana! Da wace waya? Su da suka kashe layi su ne ke ce mana ba yadda za su yi su same shi. Kullum muka je sai a ce mu dawo gobe, injin na aje a gindin bishiya, wani ma zama yake a kansa yana cin rake.

Muka nemi aro. Labari ya riga ya bazu cewa ana kama inji, duk mai shi ya ɓoye nasa. Wani maƙwabci ya tausaya ya ba mu na wuni guda, a ranar kuwa Yaya da bakinsa ya zuƙi mai daga babur ɗina, ni kuwa ban tuna masa maganar zamba ba. Daga nan muka koma jigilar ruwa daga gulbi a kan jaki. Gulbin da nisa, fadamar da faɗi, rana kuma ba ta san ana wani takunkumi ba. Kan ganyen ya fara yin rawaya. Muka bar sauran muka tattara ƙarfinmu a kan 'yan fangalin albasa kaɗan na gefen gonar. Su ma suka kwanta. Na ga Yaya ya tsuguna yana tona ƙasa da yatsa, yana ciro su ɗaya-ɗaya, ko zai sami mai sauran rai. Bai samu ba.

Da shugaban ya dawo, ko kallon injin bai yi ba ya ce a ba mu kayanmu, ai kuskure ne. Tankin kuwa ƙaf, an shanye. Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya godiya ya yi masa. Har da "Allah shi ƙara girma"! A hanya na ce, "Yaya, godiyar me?" Ya ce, "To mi zan ce?"

Daga baya an buɗe kasuwa, layi ya dawo, kowa ya shiga kiran 'yan'uwa yana jin wanda ya mutu da wanda aka haifa. Mutanen daji kuwa duk tsawon lokacin nan a kan babura suke yawo. Da me suke tafiya, da kunu? Da zaɓe ya matso, shugaban kwamitin nan da kansa ya zo kasuwa yana rabon hula yana neman ƙuri'a, yana cewa sun yi wa talaka aiki. Ya miƙo mini hannu na ce hannuna da taki.

Da lokacin shuka ya zagayo, ina rumfa sai ga Yaya. Muka gaisa kamar kullum. Ya daɗe tsaye yana kallon kantar kaya. Sannan ya nuna gwangwanin irin albasa ya ce, "Ba ni guda." Bai girgiza shi a kunne ba. Ya sa shi a aljihu ya tafi.

Mahaifiyarmu tana nan da ranta, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Mun haɗa baki ba mu gaya mata ba. A gidanmu kuwa duk abin da aka fara cirewa a gona ita ake fara kai wa ta sa albarka. Sabuwar albasar ta yi kyau, manya-manya, har ta fi ta da cika buhu. Muka kai mata a kwando muka zauna a gabanta. Ta laluba ta ɗauki ɗaya, ta juya ta a tafin hannu, ta shafa wuyanta. Ta sa farce ta ɓare, ta kai hanci. Ta aje, ta ɗauki wata, ita ma haka. Sai ta tura kwandon gefe, ta juyo wajen da take jin numfashin Yaya.

Ta ce, "Wagga ta kasuwa ce. Ina ta Malam?"