Gurbi Huɗu a Takardar Barakatu

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi wa Barakatu Sada bikin ajiye aiki a ofishin walwalar jama'a na nan Daura. An ba ta agogon bango da kwalin kofuna, an yi jawabi uku, babu wanda ya ambaci shekarar 2003. Ni da aka zaunar a kujerar gaba saboda tsufa na dawo gida da abin a raina.

Barakatu 'yar maƙwabcina ce, Malam Badaru baduku. An haife ta a 1959, ta zauna a ajina lokacin ina hedimasta, kuma har yau ban ga yarinyar da ta fi ta tsabtar rubutu ba. Ta auri Sada, dillalin awaki da ke cin kasuwar Mai'adua, ta kama aikin akawu a 1981. Aikinta a takarda shi ne buga tafireta da jera fayil. Amma duk wanda ya san ofishin ya san idan miji da mata suka zo da rigimar da ta gagari jami'i, leƙowa yake yi ya ce, "A kira Barakatu."

Akwai wani manomi daga wajen garin Babban Mutum da matarsa ta je wankan jego gidan iyayenta ta ƙi komowa. Jami'i ya yi mako uku yana cike takardu. Barakatu ta zauna kan tabarma kusa da matar, ta yi mata tambaya ɗaya: "Da kika cika arba'in, wa ya zo ɗaukarki?" Ashe mijin ɗan acaba ya aika, maimakon gwaggonsa. Aka tura gwaggo da goro, magana ta ƙare.

Bayan an kafa shari'a, rigingimun aure da yawa sai aka riƙa turo su sulhu kafin su kai gaban alƙali. Aka buɗe guraben jami'an sulhu guda shida, aka ce sai ta jarrabawa, mutum fiye da ɗari biyu suka nema. Takarda biyu dole ne: Turanci da ƙa'idojin aiki. Ta uku zaɓi ce tsakanin tarihi, tattalin arziki da soshiyoloji, wato ilimin zamantakewar jama'a. Wanda ya haura shekara arba'in da biyar ba ya zama. Barakatu tana da arba'in da huɗu. Damarta ɗaya ce, in ta wuce, akawu za ta tsufa.

Ta same ni a zaure da wani littafi mai kauri da aka sayo mata daga Kano, ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba Hedimasta, na zaɓi wannan. An ce zaman mutane ake tambaya."

"Kin iya furta sunansa ma?"

"Sunan ne ban iya ba, Baba. Mutanen kuwa shekara ashirin da biyu suna kuka a kafaɗata."

Wata bakwai muka yi, kullum bayan la'asar ban da Juma'a. Na koyar da ita yadda aka koyar da mu a makarantar Mishan, inda malaminmu kan ce kada ka rubuta jimlar da ba za ka iya kare ta a tsaye ba. A wancan zamanin ana ja layi da rula, ana karanta amsar yaro har ƙarshe kafin a ɗora jan biro. Na sa ta karanta kowane babi sau biyu, sannan ta rufe littafin ta kawo mini misali daga unguwarmu. Da muka zo babin dangantakar wasa, dariya ta yi har da tafa hannu.

"Wai wasan taubasai ne Bature ya cika shafi tara a kai? Ai da ya zo bikin sunan jikar Haulatu maƙwabciyarmu da ya gama a yini ɗaya."

Sauran masu nema kuwa takardun haddace amsa suke saye a bakin tasha, suna bitarsu kamar karatun aku.

Na kuma koya mata zanen dangi: alama mai kusurwa uku namiji, da'ira mace, layi biyu aure, layi mai sauka haihuwa. Ta zana gidansu sau uku, ni kuma na duba sau uku da jan birona, na rubuta mata "daidai".

A ranar jarrabawa, tambaya mafi nauyi, mai maki talatin, ita ce: zana danginka hawa uku tare da sunayensu, ka bayyana dangantakar wasa da ta girmamawa a tsakaninsu. Ta fito tana murmushi, ta ce, "Baba, tamu ce ta fito."

Sakamako ya zo, ta zo ta tara. Maki huɗu ne tsakaninta da na shida. A tambayar da ta ce tamu ce, shida aka ba ta cikin talatin.

Na sa babbar rigata, muka shiga mota zuwa inda hukumar jarrabawar take. Sai a zuwa na uku wani jami'i mai furfura ya yarda ya fito da takardarta. Mai dubawa, wani malami da aka ɗauko daga wata jami'a, ya kewaye wuri huɗu da ja, ya rubuta a gefe cewa mai amsa ba ta kammala ba, kuma da alama ba ta san mutanen gidanta ba.

Na sa tabarau na duba. A gurbin mijinta ta rubuta "Malam". A gurbin mahaifin mijinta ta zana alamar ta bar ta babu suna. A gurbin autarta, wadda aka sa wa sunan uwar mijin, ta rubuta "Inna ƙarama". A gurbin ɗanta na fari, Kalilu, babu komai sai alamar. Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take ce masa, ko takardar makaranta ubansa ke cikewa. A bayan shafin kuwa ta cika layi arba'in tana bayanin kunyar ɗan fari da ta surukai, bayanin da ya fi na littafin. Ko ɗigon jan biro babu a wannan shafi. Mai dubawa bai juya takardar ba.

Nan na tuna haka ta zana mini sau uku, guraben nan huɗu suna kallona, ban gan su ba. Ni ma ɗan fari ne. Mahaifiyata ta rasu ba ta taɓa kiran sunana, Hussaini, ba. Idona ya saba da gurbin har ya daina ganinsa gurbi. Da na ce mata ta ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin zanen, "an bar waɗannan saboda kunya, duba baya", da ta wuce.

Na ce wa jami'in, "Malam, abin da ake tambaya shi ne ta aikata a kan takardar! An ce ta nuna girmamawa, ta nuna, an ce ba ta san ɗan da ta haifa ba?"

"Baba, ni ma tsohuwata ba ta faɗin sunana. Amma an ce tare da sunaye."

"To ka juya shafin mana."

"Ba ni na duba ba, ba ni da ikon ƙara maki." Ya tura mata biro. "Hajiya, cike su yanzu a gabana, in haɗa da takardar ƙorafi in aika sama. Wataƙila a duba."

Barakatu ta daɗe tana kallon biron. Na ce, "'Yar nan, in ba za ki iya ba mu tashi." Ta gyara mayafinta ta rufe rabin fuska, ta rubuta na mijinta, ta rubuta na surukinta, ta rubuta na autar. Da ta zo na huɗu, rubutun nan mai tsabta ya karkace kamar na 'yar aji ɗaya. Ta ajiye biron ta fita waje. 

Bayan wata biyu amsa ta zo, layi uku: an shigar da ƙorafi bayan kwana talatin da doka ta tanada, don haka ba a duba shi ba. Kwana talatin ɗin a zirga-zirgarmu suka ƙare, ana ce mana mai makullin ma'ajiya ya tafi ta'aziyya. Jami'in da ya tura mata biro ya san kwanakin sun wuce, ko kuwa ya kamata ya sani. Wannan ne ban yafe ba.

Wanda aka turo ofishinsu cikin shidan nan Zulkifilu ne, yaron kirki, ba ni da abin faɗa a kansa. A makonsa na farko wata mata ta ƙi faɗin sunan mijinta a gabansa, ya rubuta cewa ba ta ba da haɗin kai ba. Barakatu ce ta buga rahoton, ta kai masa, ta ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a cire wannan layin." Ya cire. Shekara goma sha uku ke nan yana leƙowa yana cewa a kira ta, shi ke sa hannu, ita ke jera fayil.

A wurin bikin, Kalilu ne ya karɓi agogon ya riƙe mata. Da za su tafi na ji ta ce wa autarta, "Gaya wa wancan ya kawo mashin ɗin kusa, ƙafata tana ciwo."